Hawan dutse da damina daga Kano: Dala, Kufena, Riruwai, Shere ko Mambila?

Tunda ruwa ya zauna gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wasu sun ce lallai wannan karon sai Mambila, wai sun gaji da ganin hotunan mutane cikin hazo da korayen tuddai, wasu sun ce Jos ta ishe mu, wani dattijo a cikinmu kuma ya ce duk ku zauna ku hau Dala ku sauko ku sha kokonku. Na san ba mu kaɗai ke wannan ja-in-ja ba, shi ya sa na ce bari in zauna in jera wuraren nan biyar in auna su ɗaya bayan ɗaya, wanda zai fita ya fita da idonsa a buɗe.

Abin da na lura da shi a 'yan shekarun da na yi ina wannan harkar, mutane dutsen suke kallo. Tsayinsa nawa, hoto zai yi kyau ko ba zai yi ba. Amma da damina ba kasafai dutsen ke ba ka matsala ba, hanyar zuwa ce, musamman hanyar dawowa. Ka wuce ƙorama da safe ruwanta bai kai idon sawu ba, ka dawo da la'asar ka tarar ta kawo tana ɗauke da itace.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko kuɗi. Ba zan rubuta farashi da naira ba don kafin ka gama karantawa ya canja, da litar mai zan yi lissafi, a kan motar da ke shan kamar lita 10 a kilomita 100. Kai sai ka ninka da farashin gidan man unguwarku.

Na biyu juriyar hanya, wato in an tafka ruwa na awa uku ko huɗu, hanyar za ta tsaya ko za ta tafi. Nan zan ɗan daɗe don shi ne gundarin maganar. Kwalta ba daga sama kawai take lalacewa ba, daga ƙasa ma tana mutuwa. Kwalbati ya toshe da yashi da leda da karan dawa, ruwa ya rasa mafita ya taru a gefe guda, ya fara cin cikon ƙasar da ke ƙarƙashin titin, sai ka ga saman lafiya lau baƙi wuluk alhali cikinsa rami ne, babbar mota ɗaya ta taka shikenan ya rufta. Haka ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a wajen Azare a watan Agustan 2024, titi mai tagwayen hannu fa, ba burji ba. To in babban titin tarayya zai yanke, ka yi tunanin 'yar hanyar burjin da za ta kai ka gindin dutse.

Na uku sauƙi: ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya, ana buƙatar ɗan jagora, yara da mata za su iya, akwai netwok.

Na huɗu haɗari, kuma kala uku ne. Santsi, tsawa, da ruwan da ke saukowa daga dutse ba sallama. Falalen dutse ba ya shan ruwa ko ɗigo, duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi lokaci guda cikin kwazazzabo, shi ya sa ƙoramar gindin dutse ke cika cikin 'yan mintuna, wani lokacin ma inda kake rana ake yi, can sama aka yi ruwan. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota. Wato ruwan da bai kai gwiwa ba. Ita kuwa tsawa, in ka ga walƙiya ka ƙirga, duk daƙiƙa 3 kafin ka ji ƙarar kusan kilomita ɗaya ke nan tsakaninku, in bai kai daƙiƙa 30 ba to ba ka da abin yi a saman dutse, sauka kawai.

Dala da Goron Dutse

Na haɗa su don duk gida ne. Dala tsayinsa mita 534 daga saman teku, Goron Dutse 517, amma kar lambar ta ruɗe ka, ita kanta Kanon a kan tudu take, hawan da za ka yi da ƙafarka kaɗan ne, matakalar Dala 101 ce, mai ƙarfi minti biyar ya gama. Kuɗi kuwa kuɗin adaidaita sahu ne kawai da ɗan abin da za ka ba yaran da za su bi ka suna ba ka labarin Barbushe da Tsumburbura ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Hanya ba ta yankewa, sai dai cikin gari ma yana da nasa. In aka yi ruwa mai ƙarfi lungunan cikin birni kan cika, kwatoci su yi amai, kowa ya tuna yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022. Amma wannan jira ne na awa ɗaya ko biyu, ba kwana a daji ba. Abin lura ɗaya, Dala ba irin dutsen Zariya ba ne, marmara ce da jar ƙasa, zaizaya tana cinsa shekara da shekaru, gefunansa kan gutsure bayan ruwa, kuma ga gidajen mutane a gindi. Ka tsaya kan matakala, kar ka ce za ka yi gwaninta ta gefe, kar ka matsa baki don ɗaukar hoto. Bayan an ɗauke ruwa da yamma, iska ta wanke ƙura, ka ga Kano tun daga Kurmi har inda ido ya tsaya, wallahi wannan kallon ba a samunsa da rani.

Gaskiya dai wanda ya saba hawa ba zai kira wannan hawan dutse ba. Motsa jini ne.

Kufena a Zariya

Wannan shi ne na tsakiya kuma ni shi na fi yawan tura mutane. Daga Kano wajen kilomita 150, zuwa da dawowa ka ce lita 30, ko ka shiga motar haya a Unguwa Uku. Titin Kano zuwa Zariya an sake gina shi, a 2023 aka buɗe shi, don haka a cikin duk hanyoyin da zan ambata babu wadda ta kai ta kwanciyar hankali da damina. Dutsen yana wajen Wusasa, daga kwalta zuwa gindinsa ba nisa, ko mota ta ƙi shiga saboda taɓo ka ajiye ta ka taka.

Matsalar Kufena santsi ne. Dutse ne sumul, da rani takalmi na kama shi kamar an sa gam, amma da ya jiƙe sai gansakuka ta farfaɗo, waɗannan baƙaƙen layukan da kake gani a jikin dutse inda ruwa ke bi su ne tarkon. Na taɓa ganin wani abokin tafiyarmu, ƙato ne mai ji da kansa, ya hau da silifas yana mana dariya mu masu kambas, wajen saukowa yayyafi ya ɗan taɓa dutsen na minti goma kacal, ƙarshe a zaune ya sauko yana jan jiki, wandon shaddarsa ya tashi daga aiki. Mun yi dariya amma da a wajen da ya fi tsayi ne da ba dariya za a yi ba. Hawa ba ya wahala, saukowa ce ke kayar da mutum. Sannan samansa fili ne fetal, ba wurin fakewa in hadari ya taso, kai ne abu mafi tsayi a wurin, ka san me hakan ke nufi.

Dabarar ita ce sammako. Ka bar Kano bayan asuba, ƙarfe tara kana sama, kafin azahar ka sauko, don ruwan damina a ƙasar nan ya fi son yamma da dare. In an kwana ana ruwa kuma ka ba dutsen awa biyu na rana ya bushe.

Riruwai

Da yawa daga 'yan Kano ba su san cewa jiharsu na da duwatsu na gaske ba sai sun je nan. Riruwai ce hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙarshen kudu inda Kano ta haɗa iyaka da Kaduna da Bauchi, tsohon garin haƙar kuza ne tun zamanin Turawa, kuma tuddan da suka fi tsayi a jihar nan suna can. Wajen kilomita 200 ne, ka bi ta Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore. Lita 40 zuwa da dawowa, ka ƙara kuɗin ɗan acaɓa da na ɗan jagora, don ba wurin da za ka shiga kai kaɗai ba ne.

Da damina wurin yana da kyau har ya wuce misali, ruwa na zubowa daga duwatsu, ko'ina kore, sanyi kamar ba Kano ba. Kuma daidai wannan kyan shi ne haɗarinsa. Ruwan da ake yi a can ya fi na cikin birni yawa, ya riga namu farawa ya kuma daɗe bai ɗauke ba. Babban titin da sauƙi duk da ramuka, amma da ka sauka daga kansa ka shiga hanyoyin ƙauyuka sai burji da ƙoramu, wasu da ɗan kwalbati wasu kuma ratsawa ake yi ta cikin ruwan.

Nan ne muka taɓa cin kwakwa. Mun ratsa wata ƙorama da hantsi a kan babura, ruwan garai-garai kana ganin tsakuwa. Muna sama muka ga hadari ya haɗu can gabas amma ko ɗigo bai taɓa mu ba, muka ce ai ya wuce. Da muka dawo wajen ƙarfe huɗu ƙoramar nan ta zama jawur, tana wani irin ruri kamar injin markaɗe, ga reshen bishiya guda tana juyi da shi. Wani matashi a cikinmu ya fara naɗe wando, sai wani tsoho da ke zaune kan dutse da buhun masararsa, shi ma jira yake, ya ce masa, yaro zauna, wannan ruwan baƙo ne, ba ya kwana, amma in ka shiga da kai zai tafi. Ya ce, to Baba zuwa yaushe? Ya ce sai ya gaji. Ya kafa wani kara a bakin ruwan, muna zaune muna kallon karan nan har ruwa ya ja baya da shi kamar taku biyu, sannan ya miƙe ya ce bismilla. Magariba ta wuce kafin mu kai kwalta, kuma ba mai hankalin da zai ratsa Falgore da dare, dole muka kwana a garin ba shiri.

Sai a ƙara da tsofaffin ramukan kuza. Da damina suna cika da ruwa ciyawa ta rufe bakinsu, ka ɗauka kududdufi ne alhali zurfinsa Allah kaɗai ya sani. Kar a yi wanka a ciki, kar a bar hanyar da ɗan gari ya nuna. Netwok kuma yana zuwa yana tafiya.

Shere a Jos

In hawan gaske kake so wanda za ka yi amfani da hannu da ƙafa, Shere ne. Ƙololuwarsa ta kai wajen mita 1,829, yana gabas da Jos kamar kilomita 10, a nan ne ma makarantar horar da 'yan Man O' War take, don haka samun ƙwararren jagora ba wuya, wannan babban abu ne da ya fi Riruwai da shi. Ga masauki iri-iri a gari, ga asibitoci kusa in wani abu ya faru.

Daga Kano ta Falgore da Saminaka wajen kilomita 300 ne, lita 60 ke nan, da kwana ɗaya ko biyu a masauki. Wani abin da na so game da Jos shi ne hanya ba ɗaya ba ce, in an ce ta Saminaka ta lalace kana iya zagayawa ta Zariya da Pambeguwa, ko ta Ningi, nisa zai ƙaru amma za ka isa gida. Ka riƙe wannan, don shi ne babban bambancinta da Mambila.

Ruwan Jos ya kusa ninka na Kano, kuma a watan Yuli da Agusta yana iya wuni yana zuba, ga sanyi, in kayanka suka jiƙe a sama iska na kaɗawa za ka ji haƙoranka na haɗuwa. Duwatsun manyan ƙwallaye ne a kan juna, ana bi ta tsakaninsu ana tsallake ramuka, in sun jiƙe tsallen da yake wasa da rani ya zama caca. Ambaliya ma ba baƙuwa ba ce a can, a Yulin 2012 ruwan da ya malalo daga madatsar Lamingo, wadda ke kusa da duwatsun nan, ya shiga unguwanni irin su Rikkos ya ci rayukan mutane da dama. Sannan kafin ka tashi ka kira wani ɗan gari ka ji lafiyar gari, kowa ya san Jos takan yi zafi lokaci-lokaci.

Mambila

To ga sarauniyar, wadda ake ta rigima a kanta. Ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba, tudu ne da matsakaicin tsayinsa ya kai mita 1,600, ga gonar shayi a Kakara, ga shanu a kan tuddai, kuma a yankin ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, wuri mafi tsayi a Najeriya, cikin gandun Gashaka Gumti. Ba wanda zai ce ba ta da kyau.

Amma daga Kano tafiyar ta haura kilomita 1,000, ta Gombe, Numan, Jalingo, Bali, Serti, kwana biyu a hanya in ana son a isa da mutunci, mai kawai ya haura lita 200 zuwa da dawowa, ban da masauki da abinci da abin da makanike zai ci. Ka ƙirga gadoji da kwalbatocin da ke kan wannan doguwar hanya, kowanne ɗaya ya isa ya tsayar da kai. A Agustan 2024 ruwa ya karya gadar Namnai a kan titin Jalingo zuwa Wukari, mutane suka koma tsallakawa da jirgin ruwa, manyan motoci suka karkata zuwa wasu hanyoyin jihar suna ƙara nika su. Daga Mayo Selbe kuma a fara hawa, titi ne siriri mai lanƙwasa kamar maciji, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, da damina ƙasa da duwatsu kan zubo kansa, hazo ya rufe har ba ka ganin motar gabanka. Kuma ita ce hanyar mota ta hawa da sauka, in ta toshe ba ta Pambeguwa da za ka zagaya, zama za ka yi. Damina a can tana kaiwa wata bakwai ko fiye. Shi kuwa Chappal Waddi tafiyar kwanaki ce a ƙafa tare da ma'aikatan gandu ana ratsa koguna, wannan aikin rani ne, Disamba zuwa Maris.

Ra'ayina ban ɓoye ba, zuwa Mambila daga Kano a watan Agusta don yawon buɗe ido ganganci ne.

| Wuri | Mai, zuwa da dawowa | Juriyar hanya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Dala da Goron Dutse | kuɗin adaidaita | ba ta yankewa | kowa zai iya | gefen da ke gutsurewa |
| Kufena | wajen lita 30 | mai kyau sosai | yini ɗaya | santsi da tsawa |
| Riruwai | wajen lita 40 | babban titi da dama, na ƙauye ba tabbas | sai da ɗan gari, a shirya kwana | ƙorama da ramukan kuza |
| Shere | wajen lita 60 | matsakaiciya, akwai zagaye | kwana 1 ko 2, akwai jagora | jiƙaƙƙen dutse da sanyi |
| Mambila | sama da lita 200 | mai rauni, ba zagaye | mako guda | zaftarewar ƙasa, hazo, karyewar gada |

Wa ya kamata ya je ina

Mai iyali da ke son yara su sha iska, ko wanda bai taɓa hawa ba yana son ya gwada gwiwarsa, Dala da safe ko bayan an ɗauke ruwa, ku dawo ku ci abincin rana a gida. Haka wanda ke shirin babbar tafiya da rani, ya riƙa hawa da sauka matakalar nan sau biyar duk Asabar, zai gode mini a Shere.

'Yan makaranta da abokai masu haɗa kuɗin mai, waɗanda dole Litinin su kasance a aji ko a kasuwa, Kufena. Shi kaɗai ne a wajen gari da zan iya cewa in sha Allahu yau za ka je yau za ka dawo ko da an yi ruwa. Kambas mai ƙasan roba, ba silifas ba, ba takalmin fata ba.

Wanda ruwa mai zubowa da kore yake nema kuma yana da wanda ya sani a can, Riruwai, amma ba a tsakiyar marka ba. Ka bari sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin ciyawa ba ta bushe ba, ruwan duwatsu na zuba, ƙoramu kuma sun fara ladabi. Ka tafi da kuɗin kwana ko ba ka yi niyyar kwana ba, da tocila, da abin cajin waya, ka sa wayar a leda.

Wanda ya riga ya saba yana neman abin da zai gwada shi, Shere, da jagora, da rigar ruwa da rigar sanyi, kuma ya ware kwana ɗaya na banza a lissafinsa saboda ranar da ruwa zai hana fita.

Masu Mambila kuma, ku ci gaba da zuba adashenku har Disamba. In kuwa dole ce ta sa, biki ko aiki, to a bar ƙaramar mota a gida, a shiga ta direbobin da ke bin hanyar kullum, a duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, na kwanakin, sannan ana gobe tafiya a kira tasha a Jalingo ko Serti a tambayi direban da ya sauko yau, ba wanda ya sauko makon jiya ba.